Ƙasar da ƙidaya ta ce babu kowa a cikinta

Ɗan ƙanwata ne ya jawo maganar. Yana aji biyar na sakandare, an ba su aikin gida a darasin labarin ƙasa a kan yankuna masu tsananin sanyi. Bayan sallar isha'i ya same mu a majalisa da waya a hannu, yana dariya. Ya ce, "Kawu, dubi wani abu. Wai wuri ne a Kanada, ga suna ga faɗi, amma mutanensa sifili."

Na karɓi wayar. Jerin sunaye ne daga ƙidayar Kanada, ɓangaren arewacin lardin Kebek. Akulivik ya fito sau biyu, Salluit sau biyu, Inukjuak sau biyu. A layi ɗaya an rubuta ƙauye da yawan mutanensa. A layi na biyu an rubuta ƙasar da aka keɓe wa Inuwit, 'yan asalin yankin, mai faɗin ɗaruruwan murabba'in kilomita, a gurbin yawan jama'a kuma an sa 0.

A cikinmu akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin safiyo. Ya gyara tabarau ya leƙa, sannan ya ce mini, "Malam, wannan ai almubazzaranci ne. Fuloti ma in ka bar shi shekaru ba ka aza bulo ba, hukuma ƙwacewa take yi. Ƙasa ba mutum ai daji ce, daji kuwa na gwamnati ne."

Aka yi dariya, hira ta koma kan farashin taki. Ni dai maganar ta bi ni har gida, ta hana ni sakat, domin na sha jin irinta, kuma duk inda aka faɗe ta akwai wanda ake shirin raba shi da abincinsa.

Ra'ayina a fili yake. Waɗannan filaye suna da masu su, suna kuma amfani da su kullum. Keɓe musu da aka yi daidai ne. Abin da ma ya kamata a yi ƙorafi a kai shi ne ƙanƙantar abin da aka bar musu, in aka auna da abin da aka karɓa.

Me ƙidaya take ƙirgawa?

Malamin ƙidaya tambaya ɗaya yake yi: wa yake kwana a nan? To a je gonar kowane manomi a yi wannan tambaya. Sifili za a rubuta. A je rumbu, sifili. A je mashayar shanu, a je maƙabarta, a je tafkin da gari yake sū duk shekara, sifili. Amma wa zai tsaya a gaban manomi ya ce masa gonarsa ba ta kowa ba ce tunda babu katifa a ciki?

Haka lamarin yake a can. Inuwit, mutanen da a da ake kira Eskimo, sunan da da yawansu ba sa so, suna kwana a ƙauye. Abincinsu yana waje. Ƙauyen wurin makaranta ne da asibiti da filin jirgi, ƙasar da ke kewaye da shi kuma ita ce gona, ita ce rumbu, ita ce kasuwar nama, a can kuma kakanni suke kwance.

Yadda aka yanka ƙasar

A 1971 firimiyan Kebek, Robert Bourassa, ya ba da sanarwar gina manyan madatsun ruwa a yankin James Bay don samar da wutar lantarki. Ba a tuntuɓi Inuwit da Kiri, wata ƙabilar 'yan asali, da ke zaune a yankin ba. Suka kai ƙara. A watan Nuwamba na 1973 mai shari'a Albert Malouf ya ba da umarnin a dakatar da aikin. Cikin mako guda kotun ɗaukaka ƙara ta ɗage umarnin, motocin tono suka koma bakin aiki. Sai dai gwamnati ta gane cewa dole a zauna. A ranar 11 ga Nuwamba 1975 aka sa hannu a yarjejeniyar James Bay da Arewacin Kebek.

Yarjejeniyar ta kasa ƙasar gida uku. Kashi na farko mallakar Inuwit ne, kowane ƙauye da hukumar da ke riƙe masa nasa, kuma ba a sayar da shi ga kowa sai dai a mayar wa gwamnatin lardi. Shi ne wanda ɗan ƙanwata ya gani da sifili. Kashi na biyu na gwamnati ne, amma farauta da kamun kifi da ɗana tarko a cikinsa na Inuwit ne su kaɗai. Kashi na uku, wanda shi ne mafi girma nesa ba kusa ba, ƙasar gwamnati ce, suna iya farauta a ciki kamar yadda aka tsara, amma ba su da ta cewa sosai.

A madadin haka suka sa hannu cewa sun sallama duk wata da'awar mallakar gado a kan yankin baki ɗaya. Kiri da Inuwit tare aka ba su diyyar dala miliyan 225.

"Ƙasar ta yi musu yawa"

Wannan ita ce hujjar farko da kowa yake kawowa, kuma in ka tsaya a lissafin kai da kai za ta burge ka. Yankin Nunavik, wato arewacin Kebek, ya kusa rabin Najeriya a faɗi, mutanensa kuwa wajen 14,000 ne a ƙauyuka 14. Wanda ya taso a Fagge ko Kurna, inda gida goma suke raba lungu ɗaya, dole ya riƙe baki.

Amma a duba abin da aka keɓe ɗin. Kashi na farko gaba ɗayansa ya ɗan haura murabba'in kilomita 8,000. Bai kai rabin jihar Kano ba. Bai kai kashi 2 cikin 100 na yankin da kakanninsu suka yi ɗaruruwan shekaru suna yawo a kai ba. Ko a cikin wannan ɗan yankin ma, ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin Kebek ne, sai dai ba za a haƙa ba sai da yardar masu wurin. Mutum ya ba da gida sukutum aka bar masa soro, sannan a zo ana cewa soron ya yi masa faɗi?

Sannan faɗin ƙasa ba shi ne albarkarta ba. Kadada ɗaya a fadamar Kura tana ba da shinkafa da tumatir da albasa a shekara guda. A mafi yawan Nunavik ko bishiya ba ta fitowa. Ƙasar a daskare take daga ƙasa, saman ne kawai yake narkewa na 'yan watanni. Ba a shuka gero, ba a shuka dawa. Abin da ke tsirowa gansakuka ce da 'yan ciyayi da ƙananan 'ya'yan itace, gansakukar kuma in aka tattake ta sai ta shekara da shekaru kafin ta dawo. Dabbar da ke cin ta, karibu, wata irin barewa ce mai manyan ƙahoni masu rassa, tana tafiyar ɗaruruwan kilomita tsakanin inda take haihuwa da inda take cin hunturu. Maharbin da ke bin ta ba zai rayu a fuloti ba.

Mu da muka san kiwo bai kamata wannan ya ba mu wahalar fahimta ba. Burtali yakan yi watanni babu ko saniya ɗaya a kansa. Wanda ya zo a wannan tsakanin zai rantse wurin banza ne. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma da kaɗan da kaɗan aka cinye da yawansu, aka toshe burtalai da gonaki da gine-gine, kowa yana cewa ai babu kowa a wurin. Haka ma manomi yakan bar saura ta huta, wani mai hannu da shuni ya zo da takarda ya ce ƙasar ba ta da mai ita. Abin da ya biyo baya muna cikinsa har yau, ba sai na tsawaita ba.

Dabbar kuma ba ta da tabbas. Garken karibu na kogin George ya kai wajen 800,000 a farkon shekarun 1990. A ƙidayar 2018 an samu kimanin 5,500. Mutanen da abincinsu yake hawa da sauka haka suna buƙatar wurin juyawa. In tudu ya hana, a koma kogi. In kogi ya hana, a hau ƙanƙarar teku.

Akwai kuma abin da taswirar gwamnati ba ta nunawa. A shekarun 1970, da Inuwit na yankunan arewa suka tashi neman haƙƙinsu, an bi maharba kimanin 1,600 ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zana a kan taswira inda ya taɓa farauta, inda ya kafa tanti, inda ya kama kifi a tsawon rayuwarsa. Da aka ɗora zanen wannan a kan na wancan, aka buga a 1976, sai farar takardar nan ta cika da layuka kamar saƙar gizo. A Nunavik kuma an tattara sunayen wurare na harshen Inuktitut kusan 8,000 daga bakin dattawa. Kowane tsibiri, kowace mashigar ruwa, kowane tudu da sunansa, sunan kuma yakan gaya maka abin da ake samu a wurin ko haɗarin da ke ciki. Mutane ba sa raɗa wa wurin da ba sa zuwa suna.

An yi fiye da shekara 160 ana neman jiragen ruwa biyu na John Franklin, wani Baturen Ingila, da suka ɓace a tekun arewacin Kanada da mutum 129 bayan sun tashi a 1845. An gano na farko a 2014 a yankin da labarin baka na Inuwit ya daɗe yana nunawa. Na biyu an gano shi a 2016 bayan wani mutumin Gjoa Haven ya faɗi inda ya taɓa ganin wani dogon itace ya leƙo daga cikin ƙanƙara. Wurin da ake kira fayau, ashe akwai masu sanin kowane lungu nasa.

"Ai yanzu a gari suke zaune"

Dattijon namu ya kawo wannan ma. Ya ce tunda suna da gidaje da kantuna da intanet, suna hawa babur ɗin ƙanƙara maimakon keken karnuka, zancen farauta ya zama tarihi.

Da farko a tambayi yadda aka yi suka taru a garuruwan. A shekarun 1950 da 1960 ne hukuma ta matsa musu su bar sansanoninsu su dawo kusa da makaranta da ofishin 'yan sanda. An raba wa kowa lamba a ɗan faifai da ake ratayawa a wuya, da ita hukuma take kiransa maimakon sunansa. A wannan lokacin aka harbe karnukansu. Binciken da wani tsohon alƙali, Jean-Jacques Croteau, ya gabatar a 2010 ya tabbatar da kashe karnuka fiye da 1,000 a Nunavik. Kare a wurinsu shi ne raƙumi, shi ne jaki, shi ne mota. Shi yake jan kaya, shi yake gane hanyar gida in guguwar dusar ƙanƙara ta rufe ido. Magidancin da aka kashe wa karnuka ya zama ɗan zaman jiran tallafi a rana ɗaya. Sai a watan Nuwamba na 2024 gwamnatin tarayya ta aika minista har Kangiqsujuaq ya nemi gafara, tare da diyyar dala miliyan 45.

Wato hukuma ce ta kwashe mutane daga ƙasar, sannan ta aiko malamin ƙidaya ya rubuta cewa babu kowa. Wannan sifilin da hannu aka yi shi.

Na biyu, kanti bai maye gurbin daji ba. Babu titin mota da ya haɗa ƙauyukan Nunavik da juna ko da kudancin ƙasar. Jirgin ruwan kaya yana zuwa ne a 'yan watannin da teku ta narke, sauran shekara komai ta sama yake zuwa, har madara da albasa. Farashi kuwa sai wanda ya gani. Wani babban binciken lafiya da aka yi a 2007 da 2008 ya gano cewa a maƙwabciyarsu Nunavut, wani yankin Inuwit a arewacin Kanada, wajen gida 7 cikin 10 na Inuwit ba su da tabbacin isasshen abinci. A irin wannan hali naman karibu da kifi da kitsen dabbobin teku su ne suke rufa asirin gida.

Kuma naman ba na maharbi kaɗai ba ne. A ƙauyuka akwai ɗakin sanyi na jama'a inda ake ajiye abin da aka samo. Tsohuwar da ba ta da mai yi mata farauta, da marayu, da mara lafiya, suna zuwa su ɗiba. In an yi babban kamu sai a yi shela a gidan rediyon ƙauye kowa ya zo da mazubi. Wanda ya san rabon naman layya ya san wannan ɗabi'a. Saurayi ɗaya da ya fita da bindiga zuwa filin nan mai sifili yana ciyar da gidaje da dama.

A Kangiqsujuaq akwai wani abu da nake so mai karatu ya hango. A tsakiyar hunturu, lokacin da ruwan teku yake janyewa sosai a tsayuwar wata ko cikarsa, ruwan yakan sauka ya bar ƙanƙarar a sama kamar rufin ɗaki. Mutane sukan fasa rami su zura jiki su sauka ƙarƙashinta da fitila da bokiti. A ƙasan teku suke tafiya a sunkuye, suna tsintar ƙumbar ruwa a jikin duwatsu, ƙanƙara tana ƙara a saman kansu. Ba su da cikakkiyar awa ɗaya kafin ruwan ya dawo. Sanin ranar da za a shiga, da inda za a fasa, da sautin da ke cewa a fito, duk daga iyaye ake koyonsa, a wurin, ba a aji ba. In aka raba yaro da wurin, an raba shi da ilimin.

Maganar arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Ana cewa: ga mutane cikin cunkoson gidaje, ga tarin fuka, ga matasa babu aikin yi, alhali suna zaune a kan tama da nikel da zinariya. Shin keɓe ƙasa ba ɗaure su cikin talauci ba ne?

Talaucin gaskiya ne. Amma a duba abin da yake faruwa in ƙasa tana da mai ita a takarda. A 1995, kafin a buɗe mahaƙar nikel ta Raglan a Nunavik, sai da kamfanin ya zauna da Makivik, hukumar da ke wakiltar Inuwit na yankin, da ƙauyukan Salluit da Kangiqsujuaq. Aka amince a fifita 'ya'yansu wajen ɗaukar aiki da ba da kwangila, a kuma ba su kaso daga riba. Ba tausayi ne ya kawo kamfani teburin ba. Yarjejeniyar 1975 ce ta ba su ƙafar tsayawa. Inda babu irin wannan takarda mun san yadda ake yi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Inuwit na Nunavut sun koyi darasi daga 'yan'uwansu na Kebek. A yarjejeniyarsu ta 1993 sun riƙe kimanin murabba'in kilomita 350,000, kusan kashi 18 cikin 100 na yankin, kuma a cikin wajen kashi ɗaya bisa goma na wannan, har ma'adinan ƙasa nasu ne. Da gangan suka zaɓi wuraren da ake sa ran akwai arziki. Mutanen da ba sa son ci gaba ba za su yi haka ba.

Abin da suke so shi ne in sun ce e a ji, in sun ce a'a a ji. A arewacin tsibirin Baffin akwai mahaƙar tama ta Mary River, a kan ƙasar Inuwit, da yardarsu take aiki, suna karɓar kuɗin haya da kaso. Da kamfanin Baffinland ya nemi ya ninka abin da yake fitarwa daga tan miliyan 6 zuwa 12 a shekara, ya shimfiɗa layin dogo na kilomita 110 zuwa gaɓar teku, maharban Pond Inlet suka ce yawan jiragen ruwa zai kori nawal, dabbar tekun nan mai dogon haure da suke ci, layin dogon kuma zai datse hanyar karibu. A watan Fabrairu na 2021, cikin tsananin sanyi da duhu, wasu 'yan maharba suka hau baburan ƙanƙara suka je suka tare filin jirgin mahaƙar da hanyarta na kusan mako guda. Hukumar duba illar ayyuka ta Nunavut ta ba da shawarar kada a amince, a Nuwamba 2022 ministan tarayya ya ƙi sa hannu.

Ba duka Inuwit ne suka ji daɗin hukuncin ba. Akwai waɗanda albashinsu yake fitowa daga mahaƙar, akwai ƙauyukan da suka goyi bayan faɗaɗawar. Na yarda an yi asarar ayyuka da kuɗin shiga da ake buƙata. Sai dai gardamar a tsakanin masu ƙasa aka yi ta, su za su ci ribar su za su sha wahalar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tama in aka bar ta a ƙasa tana nan har jikoki su yanke shawararsu, dabbar da ta ƙaura kuwa ba lalle ta dawo ba.

Mutanen Kuujjuaq sun riga sun ga misali. An karkatar da wani ɓangare na kogin Caniapiscau don ciyar da injinan lantarki, kogin da ruwansa yake bi ta gaban garinsu. A watan Satumba na 1984 karibu kusan 10,000 suka nutse a wani magangarin kogin suna ƙoƙarin hayewa. Kamfanin lantarki ya ɗora laifin a kan ruwan sama mai yawa, mutanen yankin da wasu masu bincike suka nuna yatsa ga ruwan da aka saki daga madatsa. Wanda ya kwashi gawar dabbobi dubu goma daga bakin koginsa yana da dalilin yin tambaya kafin ya sa hannu a sabon aiki.

"Me ya sa ƙabila ɗaya za ta samu abin da sauran 'yan ƙasa ba su samu ba?"

Wasu suna ganin wannan wariya ce. Ni ina ganin ciniki ne, kuma Kanada ce ta ci riba. Ƙasar da ba ta ci da yaƙi ba, ba ta saya ba, ta samu takardar sallamawa a kanta, ta gina madatsun da suke haska Montreal har ana sayar wa Amurka wuta. Abin da aka bar wa Inuwit ragowar nasu ne. Wanda ya ce a soke keɓewar sai ya yarda a soke sallamawar ma, a koma inda aka faro.

Akwai kuma wani labari da ya sa ba na iya jin kalmar "babu kowa" ban ji zafi ba. A 1953 da 1955 gwamnatin Kanada ta kwashi iyalai daga Inukjuak, ɗaya daga cikin sunayen da ke wayar ɗan ƙanwata, ta zuba su a jirgin ruwa ta kai su wajen kilomita 2,000 arewa, wuraren da yanzu ake kira Resolute da Grise Fiord. Su da 'yan iyalan da aka haɗa musu daga Pond Inlet mutum 90 ne da 'yan kai. An gaya musu akwai namun daji birjik, kuma wanda bai ji daɗi ba za a mayar da shi gida bayan shekara biyu. Sai da jirgi ya isa suka ji cewa za a raba su wuri daban-daban. Suka yi hunturun farko a tanti, a ƙasar da rana take ɓacewa ɗungurungum na wata uku, ba su san hanyoyin dabbobin wurin ba. Alkawarin komawa gida ba a cika shi ba sai bayan fiye da shekara 30.

Gwamnati ta ce ta yi haka ne don rage musu yunwa. Waɗanda aka kwasa, da masu bincike da yawa, sun ce an dasa su ne kamar tuta, don Kanada ta nuna wa duniya cewa tsibiran can nata ne tunda ga 'yan ƙasarta a zaune. Sunan da suka ba Grise Fiord da harshensu yana nufin wurin da ba ya narkewa. Na Resolute yana nufin wurin da gari ba ya wayewa. A watan Agusta na 2010 gwamnati ta nemi gafara.

To a duba. Lokacin da hukuma take buƙatar shaidar mallaka, jikin Inuwit ta ɗauka ta kafa. Har yau 'yan sintirin sa-kai da suke zagaya iyakokin arewa a madadin sojan Kanada, galibinsu Inuwit ne, domin su suka san hanya. Ba daidai ba ne a kafa hujja da zamansu in ana gardama da wasu ƙasashe, sannan a ce wurin fanko ne in kamfani ya zo. P.J. Akeeagok, wanda ya sa hannu a madadin Nunavut a watan Janairu na 2024 a yarjejeniyar miƙa ikon filayen gwamnati daga gwamnatin tarayya zuwa yankin, a Grise Fiord ya tashi.

Mu ma a nan an taɓa kiran wata ƙasa budurwar ƙasa wadda ba ta kowa ba, a 1976, lokacin da aka zaɓi wurin gina Abuja. Gbagyi da maƙwabtansu suna nan a ciki da gonakinsu da kaburburansu, kuma har yau maganar diyya da sake matsuguni ba ta mutu ba.

Waɗanda suka ƙi sa hannu

In akwai sukar da ta girgiza ni a kan waɗannan keɓaɓɓun filaye, daga cikin Inuwit ɗin kansu ta fito. A 1975 mutanen Puvirnituq da Ivujivik, da wani ɓangare na Salluit, sun ƙi yarda da yarjejeniyar. Sun ce ƙasa ba tufa ba ce da za a yanka gida uku. Sun ce karibu bai san kashi na ɗaya da na biyu ba, kifi bai san iyaka ba, kuma babu wanda yake da ikon sallama abin da na jikokin da ba a haifa ba ne. Abin da suka nema shi ne mulkin kansu a kan yankin gaba ɗaya.

Ina ganin gaskiya tana tare da su a asali. Ina kuma ganin uzurin waɗanda suka sa hannu, irin su Charlie Watt da Zebedee Nungak, waɗanda a lokacin matasa ne, suna tattaunawa da lauyoyin gwamnati alhali motocin tono suna aiki ba dare ba rana. Da sun ƙi, madatsun da an gina su duk da haka. Sun ceci abin da za su iya ceta, suka fito da hukumar makarantu tasu da ta lafiya, da shirin tallafa wa maharba, da waɗannan 'yan filaye. Shi ya sa nake cewa a bar musu su, kada a taɓa, in da hali ma a ƙara.

Washegari da ɗan ƙanwata ya zo karɓar kuɗin makaranta na ce ya sake buɗe jerin nan ya nemo mini Puvirnituq. Ya ja yatsa sama da ƙasa, ya ce, "Kawu, wannan sau ɗaya ya fito. Ƙauyen ne kawai, babu layi na biyun."

Na ce ya zauna, ya ɗauko littafinsa, mu fara daga 1971.